Motar Baba, Sunan Papa Ndong

Litinin, 11 ga Oktoba 1976, ƙarfe 6:40 na safe

Kilomita 87,412. Baƙin mai daidai. Ruwan lagireto ya sauka kaɗan, na ƙara rabin kwalba. Tayar baya ta hagu tana son iska.

Papa Ndong ya rasu jiya Lahadi a asibiti, bayan azahar. Maƙwabcinsu ne ya zo unguwarmu, Glass, ya faɗa mana. Baba yana alwala, ya tsaya da buta a hannu, ya ce inna lillahi, sannan ya ƙarasa wanke ƙafarsa.

Zan rubuta yadda abin yake don in gan shi a rubuce. Motar da muke ci da ita, Fijo 404 mai buɗaɗɗen baya, wadda kowa a nan ke ce wa bashe, ta Baba ce. Shi ya saye ta a 1972 da guminsa. Amma takardar mallaka, kat-giriz, sunan Ndong Émile ne a jiki. A lokacin an gaya wa Baba izinin jigila ya fi saurin fita da sunan ɗan ƙasa, mu kuma baƙi ne, kuma haka yawancin direbobinmu suka yi. Papa Ndong amininsa ne tun suna kamfanin katako, shi magatakarda, Baba direba. Bai taɓa riƙe sitiyarinta ba. Bai ma iya tuƙi ba.

Yanzu ya rasu, kuma yana da ɗa.

Da muka idar da asuba Baba ya ce, "Hammadi, takardar nan tana nan?"

Na ce tana cikin ambulan, a ɗan akwatin gaban mota.

Ya ce alhamdu lillahi.

Tana cikin ambulan. Wannan gaskiya ne.

Laraba, 13 ga Oktoba, ƙarfe 1:15 na rana

Sawu huɗu tsakanin coci da gidan makoki a unguwar Sotega: kujeru sittin, benci takwas, tamfol biyu, ayaba nono goma sha ɗaya.

A sawu na huɗu Célestin, ɗan marigayin, wanda ya dawo daga Faransa bara yake aiki a wani ofishin mai, ya sa aka fara loda akwatunan giya. Na gaya masa da Faransanci, cikin ladabi, cewa wannan motar ba ta ɗaukar giya. Haka take tun da aka saye ta, mahaifinsa ma ya sani, taksi yake ɗaukar wa tasa giyar.

Ya dube ni, ya dubi lambar motar. Ya ce, "Wace motar? Motar babana?"

Sai ya yi murmushi, ya ce wasa yake yi, ya sa aka sauke.

Ban gaya wa Baba ba.

Alhamis, 14 ga Oktoba, ƙarfe 5:00 na yamma

An binne shi. Baba ya tsaya a wajen coci cikin farar riga awa biyu da minti goma, da ciwon gwiwarsa. An kawo masa kujera, ya ƙi.

Asabar, 16 ga Oktoba, ƙarfe 4:30 na yamma

Mun tsaya shagon Kawu Ubale shan shayi. Bakane ne, shekara ashirin yana sayar da kayan gwangwani a Glass, kuma har yau bai yarda ya ce bashe ba.

Yana hango ni ya ce, "Injiniya! Zo ka gyara mini fankar nan in ga amfanin diflomar." Ya juya ga Baba. "To, mutanen Tasawa, an ce mai akori-kurarku ya rasu."

Baba ya ce, "Mai ita yana zaune gabanka yana shan shayinka da ba sukari."

"Sukarin na sayarwa ne, Oumarou. Ina yi maka maganar gaskiya. Ka tuna Mahamman mai taksi? Shi ma da sunan wani ya yi. Wanda ya ara masa sunan yana mutuwa, dangi suka zo da takarda. Yanzu gadi yake yi a Okala, yana buɗe wa motocin mutane ƙofa."

Baba ya ajiye kofi a hankali, yadda yake yi in zai burge mutum. Ya ce, "Mahamman bai da ɗa mai difloma. Ni tun Emil yana kwance na sa aka buga takardar sayarwa da sunana, na aiki Hammadi asibiti, Emil ya sa hannu. An gama."

Kawu Ubale ya dube ni ya ce, "Ashe bokon na da rana."

Na ce ya ba ni sukundireba. Waya ce ta tsinke a cikin fankar. Minti bakwai.

Talata, 19 ga Oktoba, ƙarfe 7:10 na yamma

Kilomita 87,903. Ruwan sama tun ƙarfe tara.

Da safe siminti buhu goma sha huɗu daga tashar jirgin ruwa zuwa wani gini a bakin teku. Duk garin gini ake yi. Duk inda ka juya ƙugiya ce a sama da Turawa masu hular kwano, kuma kowa na neman mota. Mai ginin ya so mu ɗauki ashirin. Baba ya ce sha huɗu, sifirin ɗinta ba na gwamnati ba ne.

Da la'asar aka aiko daga Okala, wata motar katako ƙarama ta nutse a jan laka har rabin taya. Ni nake tuƙi tun watan Yuli saboda gwiwarsa, amma in jan mota ne Baba ba ya zama gida. Yana da yadda yake yi. Ba ya amfani da igiya, sai sarƙa, kuma yana ɗaura tsohuwar taya a tsakiyarta don ta shanye fizga. Ya tsaya cikin ruwa da buhu a ka yana ba ni hannu.

"Kada ka fizga! Bari sarƙar ta miƙe tukuna. Yawwa. Yanzu taka kaɗan. Kaɗan na ce, ɗan boko, kuloci ne ba kan maciji ba!"

Ta fito a gwaji na biyu. Mutane suka yi tafi. Baba ya buga murfin inji sau biyu da tafin hannu, kamar yadda yake yi mata kullum in ta yi abin kirki.

A hanyar dawowa ya buɗe akwatin gaba yana neman tsumma. Hannunsa ya taɓa ambulan. Ya gyara masa zama, ya rufe.

Na wuce kwanar gidanmu, sai da na zagayo.

Juma'a, 22 ga Oktoba, ƙarfe 11:20 na safe

Kamfanin mai na Port-Gentil bai amsa ba. Wasiƙa ta uku ke nan. Na zo na biyu cikin mu talatin da ɗaya a fannin kanikanci. Na huɗu da na tara duk sun fara aiki.

Litinin, 25 ga Oktoba, ƙarfe 2:05 na rana

Wasiƙa ta zo, amma ba wadda nake jira ba. An buga ta da keken rubutu. Dangin Ndong za su zauna rabon gado ranar Asabar 13 ga Nuwamba, ƙarfe goma, a gidan Sotega. Ana gayyatar Monsieur Oumarou ya zo da motar da ke hannunsa da duk takardunta. Célestin ne ya sa hannu.

Baba ba ya karanta Faransanci. Na fassara masa kalma da kalma.

Ya ce, "Da ke hannuna ya ce?"

Na ce haka aka rubuta.

Ya yi dariya. "Yaro ne. Ya yi daidai, gara a yi komai a fili. Mu nuna musu takarda, mu ci ayabarsu, mu dawo."

Kwana goma sha tara.

Talata, 26 ga Oktoba, ƙarfe 6:30 na safe

Kilomita 88,340. Mai daidai. Ruwa daidai. Birki daidai. Komai daidai.

Alhamis, 28 ga Oktoba, ƙarfe 3:40 na yamma

Ina zaune cikin mota a bakin teku, ina jiran wani mai yashi da bai zo ba. Tunda littafin nan nawa ne, bari in rubuta sau ɗaya.

Ranar Alhamis 23 ga Satumba, ana cikin azumi, ƙarfe huɗu saura kwata, na shiga ɗakin da aka kwantar da Papa Ndong. Ambulan yana aljihun rigata na ciki, alƙalami yana na waje. Na cika shi da tawada tun a gida, na gwada shi sau biyu.

Mutum shida ne a ɗakin. Matarsa, Maman Odile, tana ba shi ruwa da cokali. Ya rame har zoben aurensa yana yawo a yatsa. Da ya gan ni ya ɗaga hannu, ya ce da 'yar Hausar da ya koya wajen Baba, "Hammadi, sannu da zuwa. Ina tsoho?" Ya gaya wa mutanen ɗakin cewa ni ɗan amininsa ne, shi ya raka ni makaranta ranar farko saboda Baba bai san abin da zai ce wa malamai ba. Ya riƙe hannuna. Ya ce cikin duk mutanen da suka zo yau, ni kaɗai ne ban zo neman komai ba.

Na zauna minti ashirin da biyar. Tun ina ƙarami aka koya mini yadda ake dubiya: ka yi sannu, ka yi addu'a, kada ka daɗe, kada ka kawo maganar duniya. Fitar da takardar a lokacin nan daidai yake da in ce masa a gaban matarsa, mun san ba za ka tashi ba. Sau uku hannuna ya kai bakin aljihu.

Na ce Allah ya ba da lafiya, na fito.

Da na dawo gida ana shirin buɗe baki. Baba ya ce, "Ka gan shi?" Na ce na gan shi. Ya ce, "Takardar fa?" Na ce tana cikin ambulan. Ya ce madalla, ya kai dabino baki.

Na yi niyyar komawa bayan Sallah. Na koma ranar 29, an hana shiga. Na koma ranar 4 ga Oktoba, ba ya gane kowa.

Ban taɓa ce wa Baba an sa hannu ba. Na bi duk kalmomina ɗaya bayan ɗaya, babu ƙarya a ciki. Ban san me ya sa wannan ba ya taimaka mini ba.

Asabar, 30 ga Oktoba, ƙarfe 12:50 na rana

Na sauya fulogi huɗu, ko da yake saura kilomita dubu biyu lokacinsu ya yi. Na shafe ƙasan motar da tsohon baƙin mai saboda iskar teku tana cin ƙarfe. Wa nake yi wa?

Litinin, 1 ga Nuwamba, ƙarfe 5:45 na yamma

Yau ranar da Kiristoci ke ziyarar kaburbura. Baba ya ce in kai Maman Odile da furanninta da bokitin farar ƙasa. Ta zauna gaba, 'yan'uwanta mata a baya ƙarƙashin tamfol.

Da za mu dawo ta shafa gaban motar ta ce, "Ɗana, har yanzu tana warin goron babanka."

Na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko ta san yadda aka yi a 1972.

Ta ce, "Yaya ba zan sani ba? A teburina aka cika takardun. Émile bai taɓa mallakar ko keke ba. Duk Sallah cinyar rago tana zuwa gidana, ka ɗauka ban san ta mece ce ba?"

Na ce to za ta faɗa ranar sha uku?

Muka wuce gidan mai. Sannan ta ce, "A ranar yayun mijina ne ke magana. Ni za a zaunar da ni kusa da tukwane. Amma babanka ya ce akwai takarda, ko?"

Na ce tana cikin ambulan.

Ta ce to shi ke nan, Allah ya taimaka.

Laraba, 3 ga Nuwamba, ƙarfe 1:30 na rana

A takardar inshora akwai sa hannun Papa Ndong. Babbar N mai wutsiya, sai layi a ƙasa da ɗigo biyu.

Shekara uku ina zanen injina a makaranta. Malaminmu yakan ɗaga takardata ya nuna wa aji. Na gwada a bayan buhun siminti, a inuwar motar. Na ɗaya zuwa na takwas ba su yi ba. Na sha ɗaya ya yi kusa. Na sha biyu, ko Maman Odile ba za ta bambanta ba.

Na yaga wajen, na tura shi cikin kwata.

Alhamis, 4 ga Nuwamba, ƙarfe 1:30 na rana

Na sha uku zuwa na ashirin. Duk sun yi.

Asabar, 6 ga Nuwamba, ƙarfe 10:15 na safe

Na fitar da takardar daga ambulan, karo na farko tun Satumba. Na shimfiɗa ta a kan murfin inji, na cire hular alƙalami. Wurin sa hannun santimita shida ne, na auna.

Sai na ga akwai layin kwanan wata. In na rubuta 23 ga Satumba, mutum shida sun ga ban fitar da komai ba, kuma sun ga hannunsa ko cokali ba ya riƙewa. In na rubuta wata rana, dole in ƙirƙiro inda aka yi da wanda ya gani. Célestin zai tambaya. Ni kuma in aka yi mini tambaya biyu a jere kunnuwana suke zafi.

Na mayar da ita.

Ina so in rubuta cewa tsoron Allah ne ya hana ni. Ban tabbata ba. Mai yiwuwa tsoron ofishin 'yan sanda ne, da katin zaman ƙasa na Baba. Mai yiwuwa kuma abin da ya hana ni a asibiti ne ya sake hana ni, ya canza riga kawai.

Talata, 9 ga Nuwamba, ƙarfe 7:30 na yamma

Kilomita 89,118. Mun ja taksi biyu a titin bakin teku, ruwa ya shiga musu inji.

Inna ta tare ni a bakin madafa. Ta ce tuwo uku ke nan ina mayar mata da rabi.

Na ce zafi ne.

Ta ce, "Zafi a cikin wannan ruwan? Hammadi, dube ni. Takardar nan ce?"

Na dubi tukunya.

Ta ajiye muciya. Ta daɗe tana kallon wuta. Ta ce, "Kai ba ka iya ƙarya ba, kuma ba ka iya faɗin gaskiya da wuri ba. Ban san wanda ka gado ba. Ka gaya masa kafin Asabar. Kada ka bari ya ji a gaban mutane."

Na ce zan faɗa.

Laraba, 10 ga Nuwamba, ƙarfe 6:35 na safe

Yau.

Alhamis, 11 ga Nuwamba, ƙarfe 6:35 na safe

Yau.

Juma'a, 12 ga Nuwamba, ƙarfe 5:20 na yamma

Bayan masallaci Baba ya wanke motar da kansa, har tayoyi. Yana goge fitila yana ba ni labarin ranar da ya ɗauko ta, yadda Papa Ndong ya zauna gaba da kwat ɗinsa yana ɗaga wa mutane hannu kamar minista.

Na ce, "Baba."

Ya ce, "Na'am. Miƙo mini tsumman can. Gobe ka sa rigar da ka karɓi difloma da ita, su ga ba 'yan dako kawai ba ne mu."

Na miƙa masa tsumman.

Asabar, 13 ga Nuwamba, ƙarfe 1:00 na rana

An yi.

Lahadi, 14 ga Nuwamba, ƙarfe 9:10 na safe

Jiya, mutum goma sha bakwai a tsakar gida. Wan marigayin, wani tsoho mai sanda, shi ke jagora. Ya yi wa Baba maraba da kyau, ya ce duk dangi sun san amincin da ke tsakani. Da aka zo kan mota, Baba ya miƙe, ya karɓi ambulan daga hannuna, ya kai wa Célestin da hannu biyu.

Ni ne tafinta. Wannan ban yi tunaninsa ba ko sau ɗaya a cikin kwana hamsin da ɗaya.

Célestin ya buɗe, ya duba gaba, ya juya baya. Ya yi magana a hankali, ba da izgili ba. Da ma ya yi izgili.

Baba ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce babu sa hannu."

"A ina?"

"Ko'ina."

Ya karɓi takardar ya duba. Ba ya karatu, amma ya san yadda fili yake. Ya ce, "Gaskiya ne?"

Na ce gaskiya ne.

Maman Odile ta miƙe daga wajen tukwane ta fara magana. Tsohon ya ɗaga sanda kaɗan, ya ce za a zo kanta. Ba a zo ba.

Sun yi shawara da yarensu minti arba'in. Hukunci: abin da takarda ta ce shi ne, motar tana cikin gado, ta faɗa rabon Célestin. Saboda amincin da ke tsakani an bar mana ita zuwa ƙarshen wata. Célestin ya ƙara da cewa in Monsieur Oumarou yana so, zai iya ci gaba da tuƙa ta a matsayin direbansa.

Na fassara wannan ma, kalma da kalma.

Baba ya ce, "Gaya masa na gode. Gaya masa gwiwata ba ta taka kuloci."

An kawo ayaba da kifi. Ya ci loma uku don kada a ce ya yi fushi. A hanya bai ce komai ba sai a kwanar gidan mai, inda ya ce in sa sigina.

Laraba, 17 ga Nuwamba, ƙarfe 6:45 na safe

Kilomita 89,560. Yana amsa gaisuwata. Yana cewa in duba ruwa. Shi ke nan.

Juma'a, 19 ga Nuwamba, ƙarfe 4:50 na yamma

Kawu Ubale ya zo gida da kansa, abin da bai saba ba. Suna zaure, ni ina ƙarƙashin mota ina ɗaure bututun hayaƙi. Ba su san ina ji ba, ko kuma sun sani.

Kawu ya ce a kai kotu, duk Glass shaida ne.

Baba ya ce, "In je in gaya wa alƙali ni baƙo na sa sunan wani a takardar gwamnati shekara huɗu? Da bakina? Motar kawai suka karɓa, Ubale. Kada in kai musu katin zamana."

Kawu ya ce to yaron fa, ai kunya ce ta kama shi, ba mugunta ba. Wa zai iya miƙa wa mai jinya takarda?

Baba ya ce, "Babu. Ni ma ba zan iya ba. Sau biyu na je da ita a aljihu na dawo da ita. Shi ya sa na aike shi. Shekara goma sha uku ina kai shi makarantar Nasara, don a samu mutum ɗaya a gidan nan da zai iya fitar da takarda ba tare da ya ji kunya ba. Sai suka dawo mini da ni."

Sifana mai lamba goma sha uku ta faɗo mini a goshi. Ban motsa ba sai da suka tashi sallah.

Sau biyu. Bai taɓa gaya mini ba.

Litinin, 22 ga Nuwamba, ƙarfe 12:00 na rana

An fara sauke ragunan layya. Bara sawu talatin da ɗaya muka yi a mako guda. Mutum huɗu sun zo yau su kama rana, Baba ya ce su nemi wani daga ranar Laraba ta sama.

Asabar, 27 ga Nuwamba, ƙarfe 6:00 na yamma

Ya tashe ni bayan asuba ya ce a juye mata mai. Na ce saura kilomita ɗari takwas da arba'in. Ya ce bai tambaye ni lissafi ba.

Mun juye mai, mun wanke matatar iska, mun sa giris a duk inda ake sawa, mun ƙara wa batir ruwa. Ya sa na ɗinke tamfol inda ya yage. Na ce, Baba, mutumin nan giya zai loda mata.

Ya ce, "Sunan Emil ne a jikinta. Ba za ta je gidansa da datti ba."

Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi mini cikin mako biyu.

Talata, 30 ga Nuwamba, ƙarfe 11:25 na safe

Kilomita 90,207 a ƙofar gidan Sotega.

Na ba Célestin mabuɗi biyu, jak, tayar safaya, da takarda ɗaya da na rubuta masa: juyen mai na gaba a 93,100, kada a wuce buhu goma sha huɗu, a duba ruwa kafin a tayar. Ya karanta, ya ce lallai ni mutum ne mai tsari, ya ninke ta ya sa a aljihun baya.

Baba ya sauke sarƙar da tsohuwar tayarta, ya rataya a kafaɗa. Célestin ya dube ta. Baba ya ce da nasa Faransancin, ba tare da ya jira ni ba, "Wannan babu a takarda."

Bai buga murfin inji ba. Na lura, don ina jira.

Maman Odile ba ta fito ba. Labulen tagarta ya motsa.

Mun dawo a taksi. Direban ya ce sarƙar za ta ɓata masa kujera, Baba ya ɗora ta a cinyarsa har Glass.

Laraba, 1 ga Disamba, ƙarfe 6:40 na safe

Na fito da kwalbar ruwa a hannu. Akwai ɗigon mai a inda take kwana, faɗinsa kamar tafin hannu.

Asabar, 4 ga Disamba, ƙarfe 5:15 na yamma

An yi Sallah shekaranjiya. A kafaɗa na ɗauko ragonmu daga bakin titi. Baba ya ware cinya ɗaya kamar kullum, ya ce in kai Sotega, in ba Maman Odile a hannunta. Na kai. Motar ba ta nan. An ce wani direba ya fita da ita.

Yau ruwa tun azahar. Da la'asar wani mutum ya zo a jiƙe, daga Okala, ya tsaya a zaure yana haki. Ya ce ana neman Malam Oumarou mai ja, wata bashe ta nutse a jan laka da siminti buhu ashirin da biyu, sifirin ɗinta ya kwanta.

Baba ya riga ya miƙe. Hannunsa ya kai kan sarƙar da ke rataye a ƙusa.

Na tambayi mutumin lambar motar. Ban san me ya sa na tambaya ba. Ya faɗa.

Baba ya dube ni. Ya ce, "Ita ce?"

Na ce ita ce.

Ya tsaya da hannu a kan sarƙar. Sannan ya sauke ta daga ƙusa, da tayarta, ya miƙa wa mutumin. Ya ce, "Ku nemi wata motar ta ja ta. Ka gaya musu kada su fizga. Su bari sarƙar ta miƙe tukuna."

Mutumin ya ce yaushe zai dawo da ita.

Baba ya koma ya zauna, ya ce ba sai ya dawo da ita ba.